Jiƙon Yaya da Ƙodar Umma

Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Gaisuwar ta tsaya nan, don ba ni da bakin jan ta.

Tun jiya nake kiran wayarka kana katsewa, shi ya sa na koma takarda. Direban da ke kawo maka buhunan saiwa shi zai miƙa maka, kuma na roƙe shi kada ya bar ƙofar shagonka sai da amsa a hannu.

Umma tana gado na huɗu a ɗakin mata, a asibitin da nake aiki. An sa mata ƙarin ruwa a hannun hagu, don jijiyoyin na dama sun ɓuya. Da muka iso jikinta kamar garwashi, tana rawar ɗari har haƙoranta na haɗuwa. Likita ya ɗan buga mata kwiɓi ta baya, ta yi ƙarar da ban taɓa jin ta yi ba. Ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Fitsarinta ni na ɗauka da hannuna na kai ɗakin gwaje-gwaje. Shekara tara ina duba fitsarin mutane, ban cika ganin mai mugunya irin wannan ba. Ciwon daga mara ya tashi, ya hau ƙoda, daga ƙoda ya shiga jini.

Kwana goma sha ɗaya, Yaya. Kwana goma sha ɗaya tana kwance a ɗakin da ke jikin naka, kana ɗura mata jiƙo safe da yamma, ni kuma tafiyar awa biyu ce tsakanina da ku, ba ka ɗaga waya ka kira ni ba. Matarka ce ta laɓe a kicin ta kira ni, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sata. Allah ya saka mata da alheri. Kada ka kuskura ka yi mata faɗa a kan wannan.

Na san kana fushi don na ɗaga maka murya a ƙofar shago, gaban masu sayen magani. Na ɗaga. Da za a dawo da jiya, sai na ƙara.

Na ɗauko kwalbar da na gani a ƙarƙashin gadonta, mai murfin ja, wadda ba a rubuta komai a jikinta ba. Likita yana so ya san abin da ke ciki, kuma yau yake so. Ka rubuto min kowane ganye, kowace saiwa, da abin da ka barbaɗa a kai, da yawan da take sha. Ban tambaye ka sirrin sana'a don in buɗe shago ba. Ran uwarmu ake nema a riƙe.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Auta

*

Talata

Zuwa ga ƙanwata Auta, wadda yanzu ake kira malamar asibiti.

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar jikin Umma, Allah ya tashi kafaɗunta, ina sanar da ke cewa takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu a tsaye.

Ga abin da kika tambaya. Gemun masara, geron tsuntsaye, sassaƙen marke, da ɗan jar kanwa kamar ƙwayar wake a kowace kwalba. Ana tafasawa a tace. Kofin shayi ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ki kai wa likitanki. Ba guba ba ce, kin sha shi kina ƙarama, ba sau ɗaya ba.

Yanzu ki saurare ni, tunda ranar Lahadi ba ki bar ni na buɗe baki ba.

Wannan haɗin na Baba ne, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin yana ba da shi, ni kuma sha biyu ke nan. Matan da ke zuwa da zafin fitsari da ciwon mara ba sa ƙirguwa. Suna sha, bayan kwana uku su dawo da godiya, su kawo 'yan'uwansu. Duk waɗannan mahaukata ne? Ko ƙarya suka haɗa baki suke min? Ke da kanki, shekarar da kika gama makaranta, kin kawo min wata takarda kika karanta min, cewa masu bincike sun gwada marke sun ga yana kashe ƙwayoyin cuta. Ranar kin yi ta murna kina cewa ashe Baba ya san abin da yake yi. Yau kuma kin tsaya a ƙofar shagonsa kin ce da ni makashi, gaban mai shagon ɗinki da mata huɗu da ke jiran a sallame su. Biyu daga cikinsu sun ajiye kwalaben sun tafi. Jiya wuni guda ban sayar da ko ƙulli ɗaya ba, sai masu leƙowa su ga fuskar wanda ya kusa kashe uwarsa.

Zancen kiran waya kuma, Umma ce ta hana. Ta ce, "Kada ka tayar wa Auta hankali, sanyi ne, na saba da shi." Ni ɗa ne, ta ce kada in yi, ban yi ba. Ni nake ɗaga ta in ta so zagayawa, ni nake wanke kwanon da ta yi amai. Ke sai ranar ƙarshe kika zo da farar riga da dogon harshe.

Ba zan zo asibitin ba, don kada mu sake raba hali a kan gadon mara lafiya. Amma ki rubuto min halin da take ciki, wannan haƙƙina ne. Na sa direba ya kawo mata bargonta da carbinta.

Allah ya shirye ki, ya ba ta lafiya.

Yayanki

*

Alhamis

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Bargo da carbi sun iso, ta riƙe carbin amma ba ta ja.

Ga halin da take ciki, tunda haƙƙinka ne. Fitsarin da ta yi jiya wuni guda bai cika kofin shayin nan naka ba. Ƙafafunta sun kumbura. Awon jini ya nuna ƙodojin sun kusa tsayawa, kuma likita ya ce in ba su farfaɗo nan da jibi ba, za a kai ta wankin ƙoda. Da na karanta masa haɗinka, yana ta rubutawa har na zo kan kanwa, sai ya ajiye biro ya ce, "Ƙodar da ta kumbura ake ba gishirin da ba za ta iya fitarwa ba?"

Ka kawo zancen takardar marke. Na tuna ta, kuma ban janye ba. Amma ka san yadda aka yi gwajin? An tatso ruwan sassaƙen ne aka kaurara shi ninkin-ba-ninkin, aka ɗiga a kan ƙwayoyin cuta a cikin farantin gwaji. Umma ba faranti ba ce. Abin da mutum ya sha sai ya bi ciki, ya bi hanta, ya shiga jini, sannan ɗan abin da ya rage ya isa ƙoda. Nawa ya rage? Ba ka sani ba, Baba ma bai sani ba. Gemun masara yana sa fitsari ya yawaita, wannan na yarda. Na kwashe kwana biyu ina neman inda aka tara masu ciwon ƙoda irin na Umma, aka ba wasu ganye aka ba wasu maganin asibiti, aka ƙirga waɗanda suka tashi. Ban samu ba. In kana da shi ka aiko min.

Matan da ke dawowa da godiya kuma, ban ce ƙarya suke ba. Zafin fitsari mai sauƙi, wanda ya tsaya a mara, sau da yawa yana tafiya da kansa in mace ta sha ruwa sosai. Ta sha kwalba uku na jiƙo, ta sha ruwa ke nan, ta warke, ta gode maka. Wadda nata ya hau ƙoda fa? Ba ta dawowa shagonka ta ce bai yi ba. Nan ake kawo ta, a bayan mota, ni nake ganinta. Kai masu godiya kawai kake ƙirgawa.

Don kada ka ce baki ne kawai, na gwada. Na shuka ƙwayar cutar Umma a faranti, na jiƙa 'yar takarda da jiƙonka na ɗora a tsakiya. Inda magani ke aiki, za ka ga fili ya zagaye takardar, ƙwayar ta kasa matsowa. Naka, ta tsiro har gefen takardar. Na kuma shuka ruwan kwalbar shi kaɗai, ya tsirar da nasa ƙwayoyin iri biyu. Gwaji ɗaya ne a benci ɗaya, ba zan kira shi bincike ba. Amma ya fi abin da kake da shi.

Allurar da aka fara yi mata ba ta yi aiki ba. Ƙwayar mai taurin kai ce, ta ƙi jin magani uku cikin waɗanda aka saba bayarwa. Yau da safe aka canza mata wani.

Allon da ke saman shagonka an rubuta "ciwon ƙoda" a layi na biyu. Ka goge shi. In ba ka goge ba, wallahi ni zan kai kwalbar nan wurin hukumar da ke kula da magunguna da ƙafata, in faɗi sunanka, in faɗi cewa uwa ɗaya ta haife mu.

Ka gaida matarka.

Auta

*

Asabar

Zuwa ga Auta.

Bayan sallama da fatan Allah ya sa Umma ta kwana da sauƙi.

Kafin ki karanta sauran, ki zazzage ambulan ɗin nan a kan bencinki. Ki ƙirga. Katin kafso goma sha huɗu ne, kala uku. Babu ko ɗaya da aka shanye. Wani an ɓalle huɗu, wani shida, sauran suna nan. Ki duba 'yan takardun da aka naɗe su da su. "Umma, ɗaya safe ɗaya yamma." Rubutun wa ye?

Matata ce ta same su jiya tana gyara ɗakin Umma, a cikin gwangwanin madara a bayan akwati. Na tambaye ta, ta ce ai shekara biyu ke nan, duk sanda Umma ta ce miki tana jin zafin fitsari a waya, sai ki aiko da kafso. Ta sha kwana biyu, in ta ji sauƙi ta ajiye. Wani lokacin ma ba ta kiran ki, gwangwanin take buɗewa ta zaɓi kalar da ta ga dama.

Ni ban yi karatunki ba, don haka na ɗauki katunan na je wurin mai kemis ɗin bakin titi, na ajiye girman kai na tambaye shi. Ya ce duk maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Ya ce in ana shan su barkatai, ba awo ba ƙa'ida, ƙwayar takan saba da su har ta daina ji. Na ce ya karanta min sunayensu. Uku ne. Ke kuma kin rubuto min cewa ƙwayar Umma ta ƙi jin magani uku, kika wuce kamar daga sama abin ya faɗo.

To malamar hujja, ina hujjarki? Sau nawa kika auna fitsarinta kafin ki aiko? Kina zaune a ɗakin da ake awon, faranti yana gabanki, ba ki shuka na uwarki ko sau ɗaya ba sai da ta kusa mutuwa. Ni da kika kira makashi, aƙalla ina ganin fuskar wanda nake ba magani. Ke ta waya kike yi.

Zan faɗa miki nawa, don kada ki ce na ɓoye. Kanwa ba ta cikin haɗin Baba. Ni na ƙara, shekara uku da suka wuce, don mutane sun fi yarda da magani in ya yi kauri a baki. Kuma a kwana na biyar na ga tana karkarwa, na ga ta riƙe kwiɓi, zuciyata ta ce min wannan ya wuce mara. Maimakon in nemi mota, sai na mayar da kofi biyu ya zama uku. Na ji kunyar a ce uwar mai maganin ƙoda tana kwance a asibiti da ciwon ƙoda. Wannan tsakanina da Allah ne, kuma tun ranar Lahadi abinci bai yi min daɗi ba.

Ki je hukumar. Amma ki tafi da gwangwanin ma, ki ajiye su tare a tebur ɗaya.

Yayanki

*

Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Sau uku ina farawa ina yagawa.

Rubutuna ne. Ni na aika, kuma ban auna ba ko sau ɗaya. Akwai abin da ya fi wannan muni. Larabar da ta wuce likita ya tambaye ni ko Umma ta saba shan irin waɗannan magunguna, na ce masa ban sani ba. Na sani. Tun da na ga sakamakon farantin na gane sunayen nan uku, na zauna na rubuta maka wasiƙa mai zafi ban ambata ba. Shekaranjiya na kai masa katunan na zube a gabansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ke da kike koya wa ɗalibai wannan?" Da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

An yi wa Umma wankin ƙoda sau biyu, Asabar da Litinin. Sabuwar allurar ta kama, zazzaɓin ya sauka, fitsari ya dawo. Likita yana ganin ba sai an sake wankin ba. Amma hoto ya nuna ƙodar hagu ta yi tabo, kuma ya ce da wuya ta koma yadda take. Za ta rayu da awo duk wata uku, da taka-tsantsan da gishiri, har iyakar kwananta.

Jiya ta farka sosai, ta nemi shayi. Na zauna a bakin gado na ce, "Umma, me ya sa kika ɓoye min zazzaɓin? Me ya sa ba kya shanye kafson?"

Ta ce, "In na ce miki ina shan na yayanki, ki yi ta faɗa. In na ce masa ina shan naki, ya kwana uku bai shigo ɗakina ba. Sai na riƙa shan kaɗan nan kaɗan can, kowa ya ji daɗi."

Na ce, "Umma, jikinki ne fa."

Ta ce, "Ku ma jikina ne." Ta juya ta fuskanci bango.

Na fita baranda na tsaya, ina jin haushinta, ina jin naka, nawa ya fi duka. Shekara tara muna ja-in-ja a kan wa ya fi sani, ita tana tsakiya tana haɗiye magani don a zauna lafiya.

Ba zan je hukumar ba, ba ni da fuskar zuwa. Amma kada ka ɗauka na sauka daga maganata. Laifina ban bi ƙa'idar da aka gwada aka tabbatar ba. Kai ka bi taka sau da ƙafa, har ka ƙara kofi, kuma ba ta yi ba. Waɗannan ba abu ɗaya ba ne, ko da gado ɗaya suka kai ta. Ka cire kanwar. Kuma duk wanda ya zo maka da zafin fitsari tare da zazzaɓi, ko rawar ɗari, ko ciwon kwiɓi, ko amai, ko mace mai ciki, ko tsoho, kada ka buɗe masa kwalba. Awanni ake ƙirgawa a irin wannan, ba kwanaki ba.

Tun da ta farka sau huɗu tana tambayar ka. Na ce mata shago ne ya riƙe ka. Na gaji da yi mata ƙarya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Alhamis

Auta,

Sallama.

Matar da ta miƙa miki wannan takardar ta zo shago da hantsi, da cikin wata shida, jikinta zafi, tana riƙe da kwiɓin dama. Kwana biyu ke nan tana haka. Ban ba ta komai ba sai ruwa. Mijinta ya zage ni a gaban mutane, ya ce ashe kasawa na yi, ya ce Baba ba ya mayar da kowa. Na tsayar musu da mota. Ba su san kowa a asibitin ba, ki tsaya musu. Ki auna kafin a ba ta ko ƙwaya ɗaya.

Ki faɗa wa Umma gobe da safe ina tafe. Ni da ke ba sai mun yi magana ba. Ki nuna min gadon kawai.

Yayanki